Haƙoran Kaza

Wata uku bayan na ɗauko Baba na dawo da shi gidana, sai da na kai wandunansa wurin tela a rage musu ƙugu. Ba ciwo yake yi ba. Likita ya auna jini, ya haska ciki, ya ce bai ga komai ba sai shekaru. Amma in na ajiye masa kwano da safe, da rana haka zan ɗauke shi, sai ɗan ramin cokali biyu a gefe. Ina ji ina gani mahaifina yana ƙarewa a kan kujera mai laushi, tsoro kuwa ya hana ni sakat.

Baba mai figar kaji ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a layin ƙarshe na kasuwa, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Kayan aikinsa ba su da yawa: tukunyar ruwan zafi, tebur mai rufin kwano, da wuƙa guda ɗaya wadda washi ya cinye har ta sirance. Mutum zai sayi kaza a yanka masa, ya miƙo wa Baba, kafin ya gama gaisawa da maƙwabta an fige an gyara an ƙulle masa a leda. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara huɗu, don haka a kan kifaffen bokiti na girma, a gefen teburin nan. Wasu yaran an yi musu tatsuniya, ni cikin kaza aka yi ta buɗe mini.

"Kaza ba ta da lokacin tauna," in ji shi. "Shaho na sama, kyanwa na ƙasa. Ta haɗiye ta gudu, taunar ta biyo baya."

Sai ya nuna mini da tsinin wuƙa. Ga jaka a gindin wuya, inda hatsi ke fara sauka ya jiƙa, ita yake kira rumbu. Ga wani ɗan ciki siriri a ƙasa da ita, mai zuba wa abinci ruwan narkarwa. Daga nan sai ƙundu, jan nama mai tauri kamar dunƙulen hannun jariri. Kusa da hanta kuma ga matsarmama, 'yar koriyar jaka da ba a wasa da ita, domin in ta fashe ɗacinta ya ɓata naman. Har kashin kaza sai da ya karantar da ni. Ya ce farin da ke kansa shi ne fitsarinta, tunda ƙofa ɗaya Allah ya ba ta.

Amma ƙundu ne abin sonsa. In ya tsaga shi, yakan ɓare rawayar fatar ciki a hankali, ya zazzage abin da ke ciki a tafin hannu ya wanke. Kullum akwai 'yan duwatsu. Kaza ce ke tsintar su da gangan ta haɗiye, ƙundun ya riƙa matsa su da hatsin har ya niƙe.

"Wa ya ce miki kaza ba ta da haƙori? Ga su nan. Aro take yi a ƙasa, kuma a ciki take ajiye su, ba ta yi wa kowa gwaninta."

Yana da wani tsohon gwangwanin madara da yake tara waɗanda suka burge shi. Akwai farar tsakuwa mai sheƙi, akwai fasasshiyar kwalba koriya da ƙundu ya goge mata kaifi ta yi sumul, akwai maɓallin riga, har da kan ƙusa. Haƙoran kaza yake ce musu. In na yi kuka sai ya girgiza mini gwangwanin a kunne, in kuwa na ƙi yin shiru ya ce to in ƙirga masa su, ya manta ko nawa ne.

Tsakuwa yake kirana, har kasuwa ta ɗauka. Kalmar nan kuwa biyu ce a baki. In ka ja ta, 'yar kaza ce mace, ƙanwar tsako. In ka datse ta, ɗan dutse ne. Baba a tsakiya yake faɗinta, don neman magana. Na sha tambayarsa wacce yake nufi, sai ya ce in na girma na gane.

Ina aji huɗu ya ba ni wata 'yar kaza ja, tawa ta kaina. Na so ta son da ya wuce hankali. Na sa ta a keji a kan tebur don kada ta taka datti. Na shimfiɗa mata kwali, ina sharewa safe da yamma. Hatsin da zan ba ta sai na tsince shi ɗaya-ɗaya, na fitar da duk wani ɗan dutse, kamar mai tsintar shinkafar baƙi. Tana ci, amma ba ta gaba. Gashinta ya dusashe, ƙashin ƙirjinta ya fito, ƙwayar hatsi na fita a kashinta yadda ta shiga. Baba ya bar ni ina ta yi har sati uku. Ran da na zo masa da hawaye, sai ya ɗaga ta, ya taɓa rumbunta da yatsa biyu, ya dubi kejin nan fes.

"Kin ba ta abinci, kin hana ta haƙori," ya ce. Ya buɗe ƙofar ya sake ta a bayan gidanmu, cikin ƙasar da nake ƙyama. Ta shekara shida tana yi mana ƙwai.

Ni da Baba ba mu taɓa yini ba mu yi musu ba. Ya ce gishiri ya yi yawa, in ce harshensa ne ya tsufa. In ce ya sayi sabuwar wuƙa, ya ce in fara sayo sabon uba. Kawu Mai Washi, wanda rumfarsa ke jikin tamu, kuma shi ke wasa wuƙar tun kafin a haife ni, yakan ce in bai ji muryarmu ba ya san ɗayanmu na kwance. Haƙoran Baba sun zube ɗaya bayan ɗaya tun yana da ƙarfinsa, bai kuma taɓa yarda an sa masa na roba ba. Da rana yakan soya ƙundu biyu a ɗan kasko, ya ɗora a katako, ya yayyanka su da wuƙar nan ƙanana-ƙanana, ya ci abinsa yana zagin Kawu.

Bara ya zame a jiƙaƙƙiyar ƙasar layin, ƙugunsa ya tsage. Da aka sallamo shi daga asibiti na rantse ba zai koma ba. Ni ce 'yarsa tilo, ina da aiki, ina da miji mai kirki, ina da ɗaki a hawa na biyu mai tayil da labule. Wane irin ido zan kalli mutane da shi, ubana na fama da ruwan zafi da gashin kaji yana ɗingishi? Na kwashe kayansa. Wuƙar na naɗe ta a tsumma na jefa can saman kabad, don na ga hannunsa na ɗan rawa. Na sayi injin markaɗe. Nama, kifi, dankali, komai sai na markaɗe masa ya yi laushi kamar na mai yaye. Na kafa wa yarana doka kada a dame shi. Ni ma na kama bakina. Duk abin da ya ce, sai in ce, "To, Baba." Likita ya ce a guji ɓata masa rai, ni kuwa na ɗauki maganar kamar karatu.

Da farko yakan ce romon ya yi salam, ya zuba mini ido yana jira. In ce, "To, Baba, gobe za a gyara." Sai ya kau da kai wajen taga. Daga baya ya daina cewa komai. Tsakuwar ma ya daina kira, sai "ke".

Wata Asabar da hantsi Kawu Mai Washi ya hawo benen nan yana haki yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala. Ya zauna da Baba kusan awa guda. Ina jin muryar Kawu, ba na jin ta Baba. Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, sai ya tsaya yana neman takalminsa, bai dube ni ba.

"'Yata, gidanki ya yi kyau. Ko ƙwayar ƙasa babu." Ya sa ƙafa ɗaya. "Wata uku ke nan ba a kawo mini wuƙar nan ba. Ko ta sami wani mai washin ne?"

Na ce tana sama, na ɓoye, kada ya yanke.

"Shekara arba'in bai yanke ba," ya ce, ya sa ɗaya ƙafar ya sauka.

Na koma ciki raina a ɓace, ina cewa a zuciyata tsoho ya zo har gida ya gaya mini magana. Na ɗauko tsani don in duba ko wuƙar ta yi tsatsa. A bayanta, cikin kayan da na tura ban duba ba, hannuna ya bugi gwangwanin madara, ya yi ƙara. Na tsaya a kan tsanin nan da gwangwani a hannu, na hango Baba ta ƙofar falo. Yana zaune a tsakiyar tayil ɗin da na goge da asuba, ga kwanon markaɗe a gabansa, ƙashin wuyansa ya fito. Wallahi kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ni da aka koya wa wannan karatun tun ina aji huɗu.

Na sauko da wuƙar da gwangwanin. Na ɗauki mayafi na tafi kasuwa, na sayi kaza, aka yanka, na ce kada a fige. Na dawo na dafa ruwa, na shimfiɗa buhu a tsakiyar falo, daidai gaban kujerarsa, na ajiye katako da roba. Maigidana ya leƙo, ya ga gashin kaza na tashi a kan tayil, ya ja yara suka shige ɗaki. Mutum ne mai gane lokacin da ba a tambaya.

Na fara figa, ina yi ina yage fata. Ba sai na yi da gangan ba, hannuna ya manta aikin. Baba na kallo ta wutsiyar ido.

"Ruwan ya yi zafi da yawa," ya ce a hankali.

"To, Baba" ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta. Na ce, "Daidai yake. Kazar ce mai ƙaramar fata."

Ya gyara zama. "Kazar ce? Kaza ta zo duniya da fatarta lafiya, sai da ta gamu da ke."

"Ai haka ka koya mini."

"Ni? Allah ya kiyaye! A kan bokiti kike barci ina koyarwa."

Na ɗauko wuƙar kicin mai faɗi na tsaga cikin, na cusa hannu na fara jan hanta da ƙarfi, yatsana a kan matsarmama.

"Ke! Tsakuwa! Za ki fasa! Cire hannunki!" Muryar da ya yi ta kai har ɗakin yara. "Wannan wuƙa ce ko faranti? Ina tawa?"

Na zaro ta daga cikin tsumma na miƙa masa ta ƙota. Ya karɓa, ya gwada bakinta a farcen babban yatsa, ya yi tsaki, ya ce an bar ta ta kwana da yunwa. Sannan ya zamo daga kujera a hankali, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan buhu, ya jawo katakon. Hannun yana rawa har ya kai ga kazar, da ya kama aiki kuwa rawar ta tsaya. Ya ɗauke matsarmama ɗungurungum ya ajiye gefe. Ya tsaga ƙundu, ya ɓare rawayar fatar, ya zazzage a tafinsa, ya ce in zuba ruwa. Duwatsu biyar suka fito, ɗaya baƙi mai santsi. Na turo masa gwangwanin. Ya dube shi, ya dube ni, bai tambayi inda ya shiga wata uku ba. Ya jefa baƙin a ciki.

Na soya ƙundun da hantar, na kawo masa a kan katako ba a kwano ba. Ya yayyanka su ƙanana-ƙanana yadda ya saba. Ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa. Na ce harshensa ne ya tsufa. Ya ce a ƙaro masa shinkafa, wadda ba a markaɗa ba, ya ga ko ita ma na lalata ta. Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunya ina kuka ina zuba shinkafa.

Yanzu kwana uku a sati maigidana na sauke shi a layin ƙarshe kafin ya wuce aiki. Ba ya iya tsayuwa, don haka Kawu ya yanke wa teburin ƙafafu. Kaji biyar ko shida yake gyarawa, sauran lokacin na musu ne. Yakan dawo da ƙarni a riga da laka a takalmi, ya tattaka mini tayil, in yi ta faɗa, shi kuwa ko a jikinsa. An mayar da wando ɗaya wurin tela a buɗe shi.

Rannan ina cire masa takalmi na ce, "Baba, na girma, har na yi furfura, ban gane ba. Tsakuwar nan, ta kaza ce ko ta dutse?"

Ya dubi furfurar kaina. Bakin da ba haƙori ya ƙara haɗe kalmar, ko da ya so rarrabewa ba zai iya ba.

"Da uwarki ta rasu, abinci ya ƙi wuce mini nan," ya ce, ya taɓa gindin wuyansa da yatsa biyu. "Kwana da kwanaki. Sai ki zo ki tsaya a kaina, ki ce ba haka Umma ke ɗaura miki ɗankwali ba, ba haka take yanka albasa ba. In yi ta musu da ke, in duba in ga na cinye kwanon." Ya miƙo mini ɗaya ƙafar. "Da ke na niƙa shekarun nan, Tsakuwa. Kada ki ƙara ce mini 'To, Baba'."