Ta Bakin Mage Na Yi wa Ɗan Farina Magana

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a Guangzhou ta ƙasar Sin, wata mage ta yi min aikin da duk dangina ba su samu damar yi min ba. Ɗazu na ci karo da hotonta a tsohuwar wayata, shi ne na ce bari in ba ku labarinta.

Maigidana sarin kaya yake yi a kasuwannin Canaan da Shahe yana ɗora wa mutanensa na Kano. Ni kuma ina gida, a wani ɗan tsukukun falat a unguwar Sanyuanli, can hawa na sama, inda in damina ta gabato bango yake gumi, shanya ta ƙi bushewa. A nan na yi goyon ɗan farina.

Kun san yadda muka taso. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a zama ana zuba masa surutu. Gidanmu abin ya ma fi na kowa: har gobe mahaifiyata "waccan yarinyar" take ce wa yayata, alhali yayar tawa ta aurar da 'ya. To ni ma na naɗe kunyata na sa a akwati, na hau jirgi da ita. Abin da ban hango ba shi ne, a Kano in uwa ta yi shiru akwai kaka, akwai goggo, akwai yaran gida da za su cika wa yaro kunne. A Sanyuanli daga ni sai shi. Ubansa kan fita da safe, ba ya dawowa sai yaron ya yi barci. Ina yi masa wanka, ina ba shi abinci, ina goya shi, ina son shi kamar raina, amma bakina gum. In kun tambaye ni wa nake jin kunya, wallahi sai dai bango.

Ya haura shekara uku bai ce uffan ba. In yana son ruwa sai ya ja zanina zuwa firij. In ya ji ciwo ya yi kuka, in ya ji daɗi ya yi tsalle, shi ke nan.

Surukata ce ta fara gajiya. Wata Juma'a muna waya ta bidiyo, ta daɗe tana yi masa wasa yana kallonta, sai ta ce, "Har yanzu shiru?"

Na ce, "Shiru, Hajiya."

Ta ce, "Yo ina yaro zai yi magana a cikin kwali? In ubansa zai zo Babbar Sallah ya taho min da shi. Ya shiga cikin 'yan'uwansa, bakinsa zai buɗe."

Na ce, "To, Hajiya." Me zan ce? Ɗan fari dama na kaka ne, kuma ba mugunta take nufi ba. Amma ni na san in aka tafi da shi an tafi ke nan, sai dai in riƙa ganinsa a waya. Na shiga banɗaki, na sake famfo, na yi kukana mai isata.

Maƙwabciyata ce ta gan ni da jajayen idanu. 'Yar zangon Kumasi ce, tana harkar ɗora kaya a jirgin ruwa, Sinanci a bakinta kamar ruwa. Hausarta ba ta san mace ba, kowa "kai" ne. Ta ce, "Kai, tashi mu je. Kuka ba ya buɗe bakin yaro." Ta kai mu wani wuri da ake koya wa yara masu jinkirin magana. Aka fara duba kunnensa, aka ce lafiya lau. Sannan aka haɗa mu da malamar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta zaunar da mu a ƙasa cikin kayan wasa. Maƙwabciyata tana fassara.

Malamar ta ce in kira shi. Na ce, "Kai, zo."

Ta ce a'a, da sunansa.

Nan fa na kafe. Na kasa faɗin sunan. Maƙwabciyata ta tuntsire da dariya, sannan ta yi mata bayanin al'adarmu. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce ba laifina ba ne, akwai yaran da ke jinkiri ko da a tsakiyar kasuwa aka raine su. Amma dole yaro ya riƙa jin magana daga bakin wanda yake wuni da shi.

Duk wannan abin, yaron bai kula motocin wasa ba, bai kula ƙwallo ba. Wani kati ya ɗauka mai hoton mage, ya manna a kumatunsa. Malamar ta kalle shi, ta kalle ni, ta tambaya ko muna da mage a gida. Na ce, "Meyo," wato babu, iya Sinancin da na iya ke nan ban da godiya. Sai ta ce, in ba zan iya yi masa hira ba, zan iya yi wa mage a gabansa?

Na ce, "Mage ai ba 'yar farina ba ce."

Da na gaya wa maigidana, ya yi dariya har da riƙe ciki, amma washegari sai ga shi da kwalin wanduna, a ciki wata 'yar kyanwa mai ruwan toka, kunnuwa sun fi kai girma. Mai siton da yake ajiye kaya ne ya ba shi, daga cikin waɗanda suke kama masa ɓera. Maigidana ya ajiye kwalin ya ce, "Ga malamar gida. A riƙe ta da mutunci." Ba mu raɗa mata suna ba, Mage kawai muke ce mata.

Duk mako malamar tana ba mu aikin gida. Kalmomi gajeru, a yi ta maimaitawa. "Mage, zo. Mage, ci. Mage, sauka." In zauna a ƙasa daidai tsayinsa, in kama kunnenta in ce kunne, in kama nasa in ce kunne. Ido, hanci, ƙafa. In na zo wutsiya sai ya waiwaya yana neman tasa. Mu ɓoye mata zare a ƙarƙashin dadduma, in ce, "Ina yake? Ga shi!" Mu hura mata gashin kaza ya tashi sama tana tsalle, wai hurawar tana motsa masa leɓɓa. Mu yi kukanta tare, ni matar aure da hankalina ina rarrafe a tsakar ɗaki ina miyau-miyau. Da mahaifiyata ta leƙo, da ta ce a nemo min mai ruƙiyya.

Wanda ya fi wuya shi ne jira. Malamar ta ce in riƙe gwangwanin kifin a rufe, in ce, "Mage tana son..." sannan in yi shiru in kalle shi. Kada in ƙarasa masa. Magen tana kuka, yaron yana jan hannuna, ni zuciyata tana tafasa. Sau da yawa na kasa, na buɗe.

A hankali sai na ga bakina ya saki. Abin da ba zan iya ce masa ba, sai in ce wa magen. "Mage, kin ga yadda ya cinye tuwonsa? Ai jarumi ne." Wata rana da hantsi yana cikin ɗaki, na ce mata, "Je ki kira min..." sai na ji na faɗi sunansa, ɗungurungum. Ban taɓa furta shi ba tun ranar suna. Sai ga shi ya fito da gudu, ya wuce magen, ya faɗo jikina.

Azumi ya wuce, Babbar Sallah tana matsowa, shi dai sai gunaguni. Har na fara ware kayan da zai tafi da su. Ina cikin ninke su magen ta ɗare tebur ta nufi kwanon miya. Kafin in buɗe baki na ji an ce, "Sauka!" Da muryata, da tsawata, har da yadda nake ɗaga yatsa. Magen ta sauka. Ni kuma na zube a ƙasa.

Daga nan "ci" ta zo, "zo" ta zo, "ƙara" ta zo. Ranar da surukata ta kira don a tsayar da maganar tafiya, ya fizge wayar ya kai gaban magen ya ce, "Mage. Ci. Kifi."  Hajiya ta ce, "Ikon Allah." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To ku bar shi ya ƙarasa karatunsa a wajen magen."

Mun ƙara shekaru a can kafin zama ya yi wuya, biza ta fara gagara, muka tattaro muka dawo. Ba hanyar tahowa da Mage. Muka bar ta wajen maƙwabciyata, wadda ita ma daga baya ta tashi, lambarta ta daina shiga. Ban san inda magen ta ƙare ba, kuma abin yana cina har yau.

Muna dawowa gidan gandu, kunya ta dawo ta zauna a mazauninta kamar ba ta taɓa tafiya ba. Ga surukata, ga matan 'yan'uwan maigidana, ina zan kira sunansa? Yanzu surutu yake kamar rediyo, da kakarsa, da abokansa, da kowa. Ni sai gaisuwa da aike. Ina godiya ga Allah, amma ba zan ɓoye muku ba, ina kewar wancan tsukukun ɗakin mai gumi. A can ne kawai ya zama nawa ni kaɗai, muna rarrafe mu uku a kan dadduma.

Bara aka kai shi makarantar kwana. Ranar tafiyarsa gida ya cika a ƙofa ana yi masa addu'a, kowa da nasiharsa. Ni ina can baya riƙe da tsintsiya, wai shara nake. Ya gaisa da kowa, ya ɗauki jakarsa, sai ya tsaya. Akwai wata magen maƙwabta a kan katanga, ba ma tamu ba. Ya ɗaga kai ya ce mata, "Mage, ki kular min da ita."

Aka yi ta dariya, ba wanda ya gane ni yake nufi. Na matsa gindin katangar da tsintsiyata, na ce, "Mage, ki ce masa ya riƙa cin abinci."