Ranar da Na Dafa Irin Baba

A duk abincin da na taɓa ɗorawa a wuta, babu wanda nake alfahari da shi kamar wani faten wake da na yi a daminar da Baba ya dawo gidana a Ƙaura Namoda.

Ƙauyenmu yana can gaba da Moriki. Da ɓarayin daji suka hana kowa zuwa gona, mutane suka watse, maigidana ya je da motarsa ta haya ya ɗauko Baba. Abu biyu kawai tsohon nan ya yarda a sa masa a mota: ragonsa, da wata gora cike da farin wake na iri, wanda ya cuɗa da toka don kada ƙwari su ci. Ya rataye gorar a ɗakin da muka ba shi, wai da ruwa ya sauka zai koma ya shuka.

Ruwa ya sauka, hanya ba ta buɗe ba. Sai Baba ya daina cin abinci.

Ba ciwo ba ne, don mun kai shi an duba. Manomi ne da tun da aka haife shi bai taɓa cin hatsin kasuwa ba, daga rumbunsa ake ɗiba. In na kai masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwanon, ya ce, "Hatsin awo ba shi zama cikina." Na yi lallashi, na yi faɗa. Ni ce 'yar fari, ba ya ko kiran sunana don kunya, amma na tsaya a kansa na ce, "Baba, kowa a garin nan awo yake ci, kuma ba wanda ya mutu!" Kullum rigarsa ƙara yi masa yawa take, har ya fara salla a zaune. Tsoro ya kama ni sosai, na ga tsohon nan zai mutu a hannuna da yunwa alhali tukunyata ba ta taɓa kwana babu komai ba.

Ran nan aka tashi da ruwa tun asuba, irin mai yayyafi da sanyi wanda ba ya ɗaukewa. Maigidana ya tafi Shinkafi da fasinja. Na leƙa zaure na tarar da Baba zaune a ƙofa, ya miƙa hannu waje ruwa na zuba a tafinsa. Ya damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa ya murza, ya sansana. Bai ko san ina tsaye ba.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, to, tunda naka kaɗai kake ci, yau naka za ka ci. Na shiga ɗakinsa na sauko da gorar nan, na juye rabin waken a ƙwarya. Na san abin da nake yi sarai. A gidanmu ko yunwa za ta kashe ka ba a taɓa iri.

Na sheƙe tokar, na wanke waken har ruwan ya fita fari tas. Wake ne manya, masu baƙin ido, ko ɗaya babu huji. Itace duk ya jiƙe, na yi ta fifita ina tari, hayaƙi na cika mini ido, har dai wuta ta kama. Na ɗora shi da 'yar kanwa.

Nama kuwa ina da shi. Ragon Baba ne muka yi layya da shi a Babbar Sallar da ta wuce, kuma na kitsa hanjinsa yadda marigayiya Inna ta koya mini. Sai ka wanke hanjin sosai, ka shafe shi da gishiri da yaji, ka sa kitse a tsakiya ka kitse shi kamar gashi, sannan ka rataye a saman murhu hayaƙi ya busar da shi. Matan unguwarmu har dariya suka yi mini, wai aikin ƙauye. Su je can da soyayyen namansu da ke yin fumfuna da damina!

Na yanka kitson nan gunduwa-gunduwa na zuba a kasko. Ban sa ko ɗigon mai ba, kitsen da kansa ya narke. Na soya albasa a ciki, da attaruhu da daddawa da citta da masoro. Da waken ya fara fashewa sai na juye su duka a kai, na rage wuta, na bar shi yana ɓararraka. Ban bari ya kafe ba, romo nake so, wanda mutum zai kurɓa ya ji ɗumi har ƙafarsa. Daga ƙarshe na tsinko zogale a bayan ɗaki, ruwa na dukana, na watsa. Wallahi ƙamshin nan har maƙwabciyata sai da ta yi magana ta kan katanga.

Na zuba a kwano na kai zaure, na durƙusa na ajiye. Na ƙi tashi.

Ya ɗauki cokali don dai in tafi. Ya kai baki. Sai na ga ya tsaya da taunawa. Ya ɗebo ƙwaya ɗaya ya ɗora a tafinsa, ya juya ta da yatsa.

"Ke," ya ce, "wanga wake ina kika samo shi?"

"A gorarka, Baba."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Amma ban sunkuyar da kai ba.

"Irin nawa kika dahwa?"

"Shi na dafa. Waken naka ne, kai ka noma shi. Ragon naka ne, kai ka kiwata shi. Zogalen ma ba saye na yi ba. Albasa da kayan yaji da gishiri ne na kasuwa, su kuwa ko a gida saye muke. Yanzu sai ka gaya mini dalilin da zai hana ka ci."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Na shirya wa zagi, har da sanda ma. Sai ya yi bismilla ya sake ɗiba. Ya ci, ya kurɓi romon, ya tsotse kitson hanjin nan da 'yan haƙoran da suka rage masa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin sanyin nan. Ina durƙushe ina kallo har ya ɗaga kwanon ya shanye. Ni kaɗai na san daɗin da na ji.

Ya miƙo mini kwanon ya ce, "Akwai saura?"

"Akwai, tukunya guda. Irin ma rabi na ɗiba, Baba, na bar maka na shuka."

Ya juya ya dubi ruwan da ke zuba a waje. Ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Shi ma ki dahwa mini shi jibi, ɗiyata," ya ce. "Bana ba ni shuka."

Na karɓi kwanon na koma madafa. Na tsaya a gaban tukunya na yi kukana, sannan na share ido, na cika masa kwanon, na tsamo manyan gunduwoyin na ɗora a sama.