Ranar da Aka Auna Taurari da Gammo

Har gobe in na ji ƙanshin miyar kuka da man shanu, akushin kakanmu nake tunawa. A gidanmu na Yasore, zamanin Turawa, tsohon ba ya cinye tuwonsa. Yakan rage loma uku ko huɗu ya tura wa jikan da ya fi kwanta masa a rai. Ni ne wannan jikan, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Sai ga taubashina, ɗan gwaggona, ya zo hutu daga elemantare bayan an gama girbi, da gajeren wando da bakin magana. Na tsane shi tun daga zaure.

Wata rana bayan isha'i muna zaune a tsakar gida, kaka ya ɗaga kai ya dubi farin layin taurarin nan da ke ratsa sama kamar an zubar da gari. Ya ce, "Wa zai gaya mani yawansu?"

Na yi caraf na ce ni. Na fara daga kan rumbu, ɗaya bayan ɗaya. In na kai kaza da 'ya'yanta sai ido ya yi ruwa, lissafi ya watse, in koma farko. Ban fasa ba har wuyana ya sage.

Shi kuwa gogan gammon gwaggo ya ɗauko. Ya miƙa hannu sama, ya ƙirga waɗanda suka faɗo cikin ramin gammon kaɗai. Sannan ya bi sararin yana aunawa, gammo nawa za su rufe shi, ya haɗa, ya faɗi dubbansa ko kunya babu.

Kaka ya yi dariya har da buga cinya. "Ka ga ɗan manomi! Haka muke wa gero. Wa ya taɓa ƙirga tsaba? Zangarniya ake dubawa a san dami, a dubi dami a san rumbu."

Na ce, "Ai bai sa na cikin farin layin ba, waɗanda suka manne da juna!"

Kaka ya ce, "To kai mi ka samu?"

Ba ni da ko ɗaya. Ina kallo aka tura masa akushi, ya ci yana lasar yatsa yana kallona. Don kishi na shige ɗakin inna na yi kuka. Har hutun ya ƙare akushin nan bai sake zuwa gabana ba, kaka kuma bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu mun tsufa, fitilun gari ma sun disashe sama. Kwanaki jikata ta karanto mani a waya cewa masana har yau ƙiyasin taurarin farin layin nan suke yi, wasu su ce biliyan ɗari, wasu su ce ɗari huɗu, kuma yawanci ido ba ya ganinsu. Wato abin da na faɗa ke nan, da babu mai saurarena.

Nan take na sa ta kira mani taubashin nawa a Safana, inda yake zaune cikin jikokinsa. Na zayyana masa komai, na ce dubbansa ko ƙura ba su kai ba.

Ya saurara har na gama, ya yi tari, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, taubashi. Tuwon dai na ci."