Hulunan Baba a Kwallar Tuwo

Huluna uku Baba ya bar mini, ɗinkin hannu, waɗanda ya saya tun yana fataucin doya a Salaga. Na jera su a babbar kwalla mai murfi, na tura ƙarƙashin gado, don gara da ɓera ba sa cin kwalla.

Ranar sunan ɗana a Yendi, mata suka cika gidan. Ina fitowa sai ga kwallata a gabansu, cike da tuwo yana tururi. Na daka tsawa, "Wa ya taɓa mini kwalla?"

Gwaggona, ƙanwar Baba da ta zo daga Bawku, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Rufe mana baki! Ni ce zan kasa gane hulunan yayana?" Ta ja ni ɗaki. Ga su nan kan gado, naɗe cikin sabon mayafinta, ko lotsawa ba su yi ba.

Na ba ta haƙuri. Washegari na sayo adakar ƙarfe da kwado. Har yau ban ga wanda ya zuba tuwo a adaka ba.