Gaisuwa a Kan Layin Dogo

Ina durƙushe, takalmana a gefe, sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin gwiwoyina.

Sama da shekara saba'in ke nan, ina amarya. Ni da mijina mun taso daga unguwar Misfala ta Makka zuwa tashar jiragen ruwa ta Jidda don gaida surukina, wanda ke aikin lodin duwatsun ma'adinai. Ban taɓa ganin layin dogo ba, sai na zube a tsakiyarsa don in gaishe shi, kaina a sunkuye.

Leburori suna ta ihu da Larabci. Ni kuwa ina zan ɗaga ido suruki bai amsa ba?

"Baba, ina wuni?"

"Hauwa! Tashi, ga tarago!"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa furta shi ba. Amma shi ya fizgo ni da hannunsa. Taragon duwatsu ya wuce, ya niƙe takalmina ɗaya.

Yana haki ya kau da kai, ya ce, "Lafiya lau. Ya hanya?"

Jiya jikokina suka kai ni wurin, na tarar da guntun layin duk tsatsa. Har Baba ya rasu bai ƙara kama sunana ba.

Ku fa, wa ya taɓa ajiye kunya dominku?