Zare Ma Yana da Inuwa

Ni ba ɗan boko ba ne. Da ƙyar na gama firamare, aka kai ni shagon ɗinki a Unguwar Kanawa, na tsufa a kan allura ina yi wa manyan riguna aiki. Ido ne ya fara gajiya kafin hannu. Da na kai matsayin da sai an zura min zare, mai shagon, wanda muke kira Oga, ya ce in koma kan kwamfuta: in riƙa zana rigar da aikinta, mai kaya ya gani ya amince, sannan a ba inji ya ɗinka. A bidiyon waya na koya. Turancin ba na ji, hannun mai koyarwar nake bi. Aikin nan shi ne ya rage min. In ya kuɓuce, sai zaman gida a gaban iyali da rana tsaka.

Wata rana wata shugabar makaranta daga Malali, 'yar kudancin Kaduna, ta zo. Ɗanta zai yi aure, tana son manyan riguna na ango da abokansa da iyaye maza. Na buɗe mata rigar a allo. Ta sa tabarau, ta karkata kai hagu, ta karkata dama, yadda kowa ke yi in an miƙa masa riga. Ba a duban aiki gaba da gaba, sai an karkata shi ga haske an ga yadda zare ya tashi.

Ta ce, "Malam, wannan fenti ne ko ɗinki?"

Na ce, "Ɗinki ne, Madam."

"A'a. Ɗinkin da na sani yana da tudu. Wannan kamar an danne shi da dutsen guga har ya mutu."

Gaskiya ta faɗa. Launi ya fito, zane ya fito, amma ba ƙananan inuwoyin nan da kowane zare ke jefa wa na kusa da shi. Ta ce za ta leƙo ranar Lahadi bayan coci. Tana fita Oga ya ce, "Baba, in ba ta gamsu ba zan kai zanen cikin gari. Kuma ka san ba zan ajiye kwamfuta da mutum a kanta don ado ba."

Na fara da hanyar da na sani: na gina zaren ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar, na sa masa haske a ciki, na ce ta lissafa inuwar kowanne. Tsohuwa ce. Fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe, hoton na saukowa layi-layi, kafin ya kai aljihu aka ɗauke wuta. Da na sake, ya fito da kyau, amma a daskare. Ka juya shi kaɗan, sai ta koma lissafi daga farko.

Haushi ya sa na ɗauko wata tsohuwar riga da na yi wa aiki da hannuna, na zauna a bakin shago da hantsi ina juya ta. Nan na ga abin da na daɗe ina kallo ban lura ba. Inuwar zare ba ta tafiya nesa, a kan maƙwabcinsa take faɗawa ta tsaya. Kuma ɗinkin duk iri ɗaya ne, maimaici ne daga wuya har ƙirji. To me ya sa nake wahalar da kwamfutar, baiwar Allah, da lissafin riga guda?

A zanen da ke allo na yanki wuri kamar faɗin tafin hannu. Na sa ta lissafa inuwarsa in haske ya zo daga gabas, sannan yamma, kudu, arewa, da tsakaninsu, na adana hotunan. Na cire zaren da na gina gaba ɗaya, na shimfiɗa waɗannan a kan rigar. Yanzu in ka juya, ba ta lissafa komai, tana ɗaukar hotunan da suka fi kusa da inda haske yake ne ta gauraya. Fanka ta yi shiru. Har a wayata zanen ya buɗe.

Ranar Lahadi Madam ta zo da kayan cocinta. Na miƙa mata wayar. Ta ja rigar da yatsa, inuwa ta zame daga wannan gefen zaren ta koma wancan. Ta sake ja.

"Kai, Malam! Da can ina ka ɓoye wannan? So kake hawan jinina ya tashi?"

Na ce, "Zaren ne bai nuna ba a lokacin, Madam."

Ta yi dariya har ta dafa teburi. A tsaye ta kira ɗanta, ta ce masa an gama magana, ta zaɓi shuɗiyar shadda da farin zare, Oga na gefe yana ta "Madalla, madalla," kamar shi ya sha wahalar.

Da ta tafi, da kansa ya je ya sayo min shinkafa da wake, har da kifi. Ina cikin ci ya ce, "Baba, hulunan bikin ma haka za ka yi musu ko?"

Zaren hula ya fi na riga ƙanƙanta, wuyana kuma ya riƙe. Na ce masa za a yi, amma ya bari in yi azahar tukuna.