Ƙyallen da Na Kwance a Jikin Tsamiya

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar. Na dawo daga yankan ciyawar awaki da dami a ka, sai na tarar da farar mota a ƙofar gidanmu a Toranke. Maza biyu ne suka fito, dukansu cikin kaki da hula, ɗaya riƙe da takardu a hammata. Yara suka kwasa a guje cikin gida suna ihun sojoji sun zo. Ina tsaye Anti Maryam ta leƙo daga zaure da farantin waken da take tsincewa. Tana ganin mutanen nan farantin ya suɓuce, wake ya watse har bakin kwata. Ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa daɓas. Ni kuwa hannuna ya kai kan ƙuguna inda na yi sati uku ina ɓoye wani ƙyalle a ƙarƙashin zane. A raina na gama yanke hukunci cewa Baffa Sani ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Baffa Sani ƙanin Babana ne. Karatu ya kai shi Amurka, zama ya riƙe shi, har ya shiga aikin sojan ƙasar a ɓangaren masu jinyar waɗanda aka ji wa rauni. Can ya auri Anti Maryam, baƙar fata kamar mu, Musulma, sai dai ko sannu ba ta iya ba ranar da ta iso. Da aka ce za a tura shi fagen daga na wata tara, sai ya kwaso ta da 'yarsu Hannatu, sa'ata, ya kawo su gida. Ya ce yana so yarinyar ta riƙe allo a gaban kakanta, ta ji Hausa a bakin masu ita. Kwana goma ya yi, ya sa aka yi wa ɗakuna biyu siminti, ya hau mota ya bar mana su.

Kwalaye suka zo da su, kowanne da lamba a jikinsa. Hannatu ta ce wannan ne gida na bakwai da suka sauka tun haihuwarta, kuma uwarta kan gama shirya ɗaki a wuni guda. Ta kuwa gama, har da labule da gidan sauro. Amma tsakar gida ta gagare ta. Hayaƙin murhu ya sa ta hawaye, sau biyu tana sakin guga da igiyarsa cikin rijiya, ranar da ta ɗauki taɓarya kuwa rabin geron kaji ne suka ci. Inna, kakarmu, takan yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kama hannunta ta nuna mata. Ruwan sha sai ta tafasa, ƙadangare in ya gilma sai ta yi tsalle, mu kuma me za mu yi in ba dariya ba? Ni da Hannatu muka zama kamar tagwaye. Na koya mata carafke da gaɗa da tsinkar rama a gefen gonar gyaɗa, kafin wata biyu har ta iya tsiwa da Hausa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan gaba ɗaya kan hau tudun bayan rumbu, don nan kaɗai waya ke samun sabis, mu yi cirko-cirko har Baffa ya kira.

Matsalar ta faro tun safiyar da ya tafi. Motarsa na ɓacewa Anti Maryam ta fito da wani dogon ƙyalle mai sheƙi, ruwan ɗorawa, ta zagaya tsamiyar ƙofar gida da shi ta ƙulle. Duk itatuwan garin nan ta rasa wadda za ta ɗaura wa sai tsamiya! Itacen da ko wucewa za mu yi da tsakar rana sai da bisimilla, don an ce gidan aljanu ne. Ga shi gidanmu gidan karatu ne, kakana Malam a zauren nan yake biya wa mutane littafi. Malam ya gani ya yi shiru, don suruka ce kuma baƙuwa, ba zai iya tsayawa da ita ba. Inna ba ta da Turanci, Baba kuma ya yi ta cewa gobe. Kowa na jiran wani ya yi magana, garin kuwa bai jira ba. A bakin rijiya ana cewa matar ɗan Malam ta zo da nata tsafin. Rannan a makaranta, lokacin tara, wata Lantana ta dube ni a gaban mutane ta ce, "A gidanku yanzu bori ake yi ko karatu?" Ni dama ba ni da haƙuri. Na shaƙe ta, na yaga mata hijabi, aka zane ni bulala shida. Da aka tashi, bayana na zafi, na biyo ta gindin tsamiya ba kowa, na sa haƙori na kwance ƙyallen na cusa a zane.

Da yamma Anti Maryam ta fito ta ga babu. Ta zagaya itacen ya fi sau uku, ta duba cikin ciyawa, ta shigo tana nuna faɗin ƙyallen da yatsu tana tambaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Inna ta ɗauka Malam ne ya sa a cire, Malam ya ɗauka Inna ce, ni kuma ina gefe ina jin kaina jaruma. Juma'a ta zo, muka hau tudu, muka tsaya har aka kira la'asar, waya ba ta yi ƙara ba. Muna saukowa Hannatu ta faɗa min abin da ya hana ni sukuni. Ta ce a wurinsu in soja ya tafi yaƙi iyalinsa kan ɗaura ƙyallen, ba mai taɓawa har sai ya dawo ya kwance da hannunsa. Ta ce sau biyu babanta na tafiya, sau biyu yana kwancewa. Ta ƙara da cewa in soja ya mutu ba a faɗa ta waya, mutum biyu ne cikin kaki kan zo har ƙofar gida.

Juma'a ta biyu ta wuce shiru, ta uku ma haka. Anti Maryam ta daina cin abinci, kullum tana kan tudu da waya a ɗage, ko yayyafi ake. Baba ya koma rage muryar rediyo in an zo labaran duniya. Inna ta yi sadakar ƙosai, Malam ya sa aka sauke Alƙur'ani, ana maimai a gona amma ba mai waƙa. Ni kuwa ƙyallen nan ya zame min garwashi a jiki. Sau biyu na yi niyyar mayar da shi, sai in tarar da dattawa zaune a gindin itacen. In jefa a rijiya kuma na ji tsoro, kada abin ya ƙara lalacewa. Hannatu takan kwanta a jikina tana tambaya wa zai yi musu wannan mugunta, ni kuma in ce Allah ya sani. Wallahi ban taɓa tsanar kaina kamar a kwanakin nan ba.

Shi ya sa ranar Talatar nan, da na ga mutum biyu cikin kaki, na yar da damin ciyawa na zaro ƙyallen na faɗi a gaban Anti ina kururuwa, "Ni ce! Ni na kwance! Ku mayar, don Allah ku mayar!" Malam ya fito da tazbaha a hannu. Baƙin suka tsaya sororo. Sai da ɗayansu ya durƙusa ya yi wa Anti magana da Turanci sannan aka gane kansu. Ashe jami'an shige da fice ne daga Kano, sun zo duba takardar zamanta, ba su ma san wani Baffa Sani ba. A nan ne kukan ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba.

Bayan sun tafi, Malam ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zauna da surukarsa a zaure, Hannatu na tafinta. Ya ce, "Tambayi uwarki, itacen take roƙo?" Anti ta girgiza kai ta ce Allah take roƙo, ƙyallen don duk mai wucewa ya san gidan nan akwai wanda ake jira. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "To, ai mu ma jiran nasa muke." Ya juyo gare ni ya ce rai ba a hannun ƙyalle yake ba, ba kuma a hannuna ba, amma na ɗauki abin da ba nawa ba, in ba ta haƙuri. Sannan ya karɓi ƙyallen, ya taka turmi da tsufansa, ya ɗaure shi a azarar ƙofar zaure, irin ɗaurin da ake yi wa ɗan maraƙi.

Sai da aka ƙara kwana tara kafin wayar ta yi ƙara. Daga asibiti ya kira, muryarsa can ƙasa. Wani abu ne ya fashe kusa da motarsu, ya yi makonni bai san inda kansa yake ba. Ya iso gida bayan an gama yankan gero, ya rame, hannunsa na dama saura yatsu biyu. Muka taru a ƙofar zaure, ya miƙa hannu ya yi ta fama da ƙullin Malam, ƙulli ya ƙi. Inna ta juya baya. Sai Anti Maryam ta waiwayo ta neme ni cikin yara, ta ce da Hausarta mai karyewa, "Rabi, zo. Ke kin iya." Baffa ya ɗaga ni da hannun hagu, na kwance ina kuka, na sa masa a tafin da ya rage.

Shekara ɗaya suka ƙara suka koma. Yanzu Malam da Inna sun rasu, ɗakunan nan biyu riɗi ake zubawa a ciki, tudun bayan rumbu an baje shi, sabis har cikin ɗaki. Hannatu kan kira ni ina ganin fuskarta, 'ya'yana ba su san mene ne tsayuwar wata guda ana jiran murya ba. Na yi karatu, na san abin da Malam ya faɗa gaskiya ne. Duk da haka ban taɓa tambayar Baffa ranar da abin ya same shi ba, don har yau ina tsoron kada ta zama ranar da na kwance ƙyallen ce.